Wa Ya Ɗaye Fentin Motar Kawu?

Kawunnaina biyu, wa da ƙani, shagonsu ɗaya a Kantin Kwari, kuma rana ɗaya suka sayi motocinsu a hannun dillali ɗaya. Motocin 'yan tokumbo ne ƙirar Japan, samfuri ɗaya, shekarar ƙira ɗaya, launi ɗaya: shuɗi mai duhu, irin wanda in magariba ta kawo jiki sai ka rantse baƙi ne. Kullum da hantsi a fili ɗaya ake ajiye su, wannan a gefen wannan, ba rumfa ba bishiya, har a tashi daga kasuwa. A shekara ta shida rufin motar Kawu Babba ya fara yin wani dishi-dishin fari. Kafin damina ta zagayo, farin ya tsattsage ya soma ɗayewa, in ka sa farce sai wata siririyar fata marar launi ta biyo hannunka. Murfin but ya bi sahu, sannan bonet. Motar Kawu Ƙarami kuwa ta dusashe kam, amma ba inda ta ɗaye ko kaɗan.

Abin da ya sa zancen ya ƙi mutuwa a gidanmu shi ne, kowa ya san wanda ke kula da mota a cikinsu. Kawu Babba ya kafa wa tasa rumfar kwano a gida. Direbansa kan goge ta tas kowace safiya kafin a fita. Ba Sallar da za ta zo, ƙarama ko babba, ba a kai ta an yi mata folish ba, ta dawo kana ganin fuskarka a jikinta. Ta Kawu Ƙarami a waje take kwana, kuma sai ƙura ta kai yara suna rubuta suna a gilashi sannan yake tuna hanyar wurin wanki. Da za a ce wa baƙo ya nuna wadda za ta fara lalacewa, ba wata-wata ta ƙanin zai nuna.

Kowa da amsarsa. Direba ya ce rana ce. Kawu Babba ya ce dillali ne ya cuce shi, ya haɗa shi da motar da aka yi wa fentin gindin bishiya. Wata gwaggonmu ta ce baki ne, motar ta cika ɗaukar ido. Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza, kuma abin ya tsaya mini a rai, domin mota a wurin mutanenmu jari ce. Ranar da kasuwa ta juya baya, ita ake sayarwa a farfaɗo da shago, kuma rufin da ya ɗaye yakan zabtare kuɗinta tun mai saye bai ji ƙarar inji ba.

Da rana muka fara, tunda ita ce kowa ke gani da idonsa, kuma tuhumar tana da tushe. Kano tana digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, shi ya sa sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da kuma wajen 20 ga Agusta, rana kan tsaya cak a tsakar ka har mutum ya taka inuwarsa. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke auna kaifin hasken rana da shi, daga 11 zuwa sama shi ne matakin ƙarshe na haɗari, kuma Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram sukan taka wannan mataki a watanni da dama. A Afrilu iska kanta takan kai digiri 40, ƙarfen mota mai duhun launi kuwa yakan haura 70.

Sai dai ba ƙunar da fata ke ji ce ke fara ɓarnar ba. A cikin hasken rana akwai wani ɗan kaso, bai wuce 5 cikin 100 ba, wanda ido ba ya gani. Masana na kiransa altarabayolet. Wannan ɓoyayyen haske shi ke da ƙarfin tsinka igiyoyin sinadaran da suka ɗaure fenti, domin fenti dangin roba ne. Inda igiya ta tsinke sai iska ta shiga ta ci wurin, zafi ya hanzarta aikin, ruwa da raɓa kuma su wanke abin da ya mutu su buɗe sabon fili. Saboda haka ne kamfanonin fenti ke shanya fallayen ƙarfe masu fenti a kudancin Filorida, inda rana ke haɗuwa da laima, da hamadar Arizona, inda take haɗuwa da ƙuna, su bar su shekaru suna duba yadda suke tsufa. Miyami tana wajen digiri 26, Finiks wajen 33. Duk sun fi mu nisa da tsakiyar duniya.

Rana ta amsa tambaya ɗaya. Ita ta bayyana dalilin da rufi da but da bonet suka lalace, ƙofofi kuwa suna nan garau: abin da ke kwance shi ke kallon sama, abin da ke tsaye gefen haske kawai yake sha. Amma ba ta amsa babbar tambayar ba. Da muka jera motocin biyu muka duba sauran wuraren da rana ke bar wa shaida, sai muka tarar kunnen doki ne. Dashbod ɗinsu ya koɗe daidai wa daida. Robar da ta zagaye gilashi ta bushe ta yi toka-toka a duka biyun. Baƙar robar da ke gindin waifa ita ma haka. Rana ɗaya suka sha, mudu ɗaya aka auna musu. Ita kuwa rumfar kwanon da Kawu Babba ke taƙama da ita, motar tana shigarta ne bayan la'asar sakaliya, ta fita da hantsi. Sa'o'in da hasken ya fi kaifi, daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, a fili take tare da 'yar uwarta.

Sai wani ɗan Kawu Ƙarami ya kawo shawara mai ma'ana: motocin fa ba a Kano suka fara rayuwa ba. Wataƙila ɗaya ta daɗe tana gasuwa a wata jiha mai zafi a Amurka kafin ta hau jirgin ruwa. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, tana nan a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, kuma da ita ake binciko tarihin motar da ta fito daga Amurka a intanet. Aka biya aka duba. Ta Kawu Babba a wata jihar arewa mai dusar ƙanƙara ta zauna. Wadda ta fito daga Teksas mai rana, ita ce ta Kawu Ƙarami, wadda ba ta ɗaye ba. Tarihin ya ƙara dagula lissafin.

Saura zargin dillali, wanda Kawu Babba ya fi riƙewa. Shi ma ba zargin banza ba ne. Da yawa daga cikin motocin da ake shigo mana da su a gwanjon motocin hatsari ake sayensu, a gyara, a fesa, a kai layin sayarwa suna walƙiya. Fentin da aka tsuga wa tina don ya yi auki, aka rage masa hadina, aka fesa a fili iska na kaɗo ƙura, ba ya shekara biyu a ranar Kano. Na sha ganin irinsa, kuma ban ga laifin wanda ya fara zargin haka ba.

Muka kai motocin biyu wurin wani dattijon mai fenti da ya tsufa a sana'ar, tun zamanin da ake fesa Peugeot 504. Ya ce, "Alhaji, a shigo da su inuwa tukuna, ƙarfen ya huce." Bai ɗauko wani kayan aiki ba da farko. Ya buɗe ƙofa ya bi bakinta da ɗan yatsa yana neman gaɓar da tef ke bari. Ya ɗaga robar gilashi da farce ya leƙa ko feshi ya taɓa ta. Ya buɗe bonet ya duba kan ƙusoshin da suka riƙe fenda, ko sifana ta taɓa cin fentinsu. A fendar gaba ta dama ya tsaya, ya karkata kai yana kallon yadda haske ke kwanciya a kanta, ya ce wannan ba hannun kamfani ba ne. Kawu Babba ya dube ni, irin kallon nan na "ai na faɗa."

Sannan dattijon ya aiki yaronsa ya ɗauko wata 'yar na'ura da ba ta kai wayar hannu girma ba. Ana dangwala bakinta a jikin mota, sai ta nuna tazarar da ke tsakanin bakin nata da ƙarfen da ke ƙasa, wato kaurin duk abin da aka shafa. Da mikiron take aunawa, shi ne kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita.

Fentin motar zamani hawa huɗu ne. A kamfani ana tsoma gangar jikin motar ɗungurungum a tafkin sinadari a sa lantarki, ta fito da shafin hana tsatsa mai kaurin mikiron 20 ko kusa da haka. A bi shi da shafin share fage, wajen 30. Sannan launin da muke gani, wanda shi ne ma mafi siranta, sau da yawa bai wuce 15 ba. A ƙarshe a rufe da shafin sama marar launi, tsakanin 40 da 50, shi ne mai sheƙin, shi ne kuma garkuwar. Duka a haɗe tsakanin 100 da 150 ne, wato da kaɗan ya ɗara kaurin takardar rubutu guda. Ana gasa shi a zafin da ya kai digiri 140 tun ba a sa gilashi da kujeru da wayoyi ba, abin da ba garejin da zai iya, don robobin motar za su narke. Shi ya sa fentin gyara ya dogara da hadina, ya bushe a iska ko a ɗakin gashi mai zafin digiri 60.

Na'urar ta gaskata idon dattijon. Fendar dama da ƙofar da ke bin ta sun ninka kaurin kamfani fiye da sau biyu. An taɓa buge wurin an fesa. Amma waɗannan biyun su ne suka fi ko'ina sheƙi a motar. Rufi da but da bonet, inda ɓarnar take, fentin kamfani ne tsantsa, ba wanda ya taɓa fesa su. Dillali ya ɓoye bugun gefe, wannan gaskiya ne, amma ba shi ya ɗaye rufin ba.

A nan ne na'urar ta jefo wata sabuwar tambaya. A rufin motar Kawu Ƙarami, ko'ina aka dangwala sama da 100 take nunawa, yadda ya kamata. A rufin ta Kawu Babba, a wuraren da ba su riga sun ɗaye ba, sai ta faɗo ƙasa da haka da kusan 30. Mota iri ɗaya, launi ɗaya, amma ɗaya ta rasa kusan kashi uku cikin huɗu na garkuwarta. Rana takan cinye shafin sama a hankali, amma da ita ce ta ci wannan, da ta ci na ɗayar ma. Ina sauran ya tafi?

Muka bi ta kan ƙananan waɗanda ake zargi, ba su ɗauke mu lokaci ba. Garin sabulun wanki da yaran wurin wanki ke zubawa a bokiti yana wanke kakin da aka shafa wa mota, yana busar da roba, amma ba ya narkar da fentin da aka gasa. Kuma motar da ba ta ɗaye ba ma da shi ake wanke ta. Ruwan bohol in ya bushe a kan ƙarfe mai zafi yakan bar zobba-zobban gishiri, wani lokaci har su ci fenti. Kashin tsuntsu da na jemage yana da asid, yakan bar tabo daidai girmansa. Kowannensu yana da irin sawunsa, ɗigo ne ko zobe. Ba mai sawun da ke rage kaurin rufi gaba ɗaya daga gaba har baya.

Yaron dattijon ne ya gano bakin zaren. Ya taka benci yana auna bayan rufin, sai ya ce, "Oga, zo ka ga wani abu." A gindin eriya akwai wani zobe mai faɗin yatsa biyu da ya zagaye ta, shuɗi mai sheƙi, ko tsaga babu, alhali duk kewayensa ya yi fari ya ɗaye. Eriyar ba ta da inuwar da za ta kare wannan wuri yini guda. Rana tana dukansa yadda take dukan maƙwabtansa. Da muka san abin da za mu nema, sai ga shi ko'ina: siririn layi lafiyayye a gefen robar rufi, wani a kewayen tambarin da ke murfin but, wasu ƙanana a gindin 'yan bututun da ke fesa wa gilashi ruwa. Aka dangwala na'ura a cikin zoben eriya, ta nuna daidai da rufin Kawu Ƙarami. A bonet kuma, wuraren da suka fara ɗayewa su ne kan layukan nan biyu da suka taso a tsawonsa.

Dattijon ya sauko daga bencin, ya goge hannu a rigarsa, ya ce, "Alhaji, wa ke sa wa motar nan inji?"

Abin da ke jin tsoron eriya da tambari da bakin roba, amma yake danne wurin da ya taso da ƙarfi, ba rana ba ce. Faifan injin goge mota ne. Mai riƙe da shi yakan kauce wa duk abin da zai kama soson, shi ya sa yake barin zobe. A kan wurin da ya taso kuwa duk nauyin injin yakan taru a wuri siriri, sai ya fi ci.

Abu biyu ne ake shafa wa mota don ta yi sheƙi, kuma aikinsu kishiyar juna ne. Kakin mota ƙari yake yi: yana kwanciya a kan fenti ya cike ƙananan karce, bayan 'yan makonni ko watanni ya wanke. Kwamfawun kuwa ragi yake yi. Mai ne mai ɗauke da gari mai kaifi, injin yana murza shi ya kankare saman fenti har ya sauko daidai da gindin karcen, sai wurin ya koma sumul, haske ya dawo. Sheƙin gaske ne, amma da naman fentin ake sayensa. Zagaye ɗaya na inji da kwamfawun mai ƙarfi yakan ci mikiron 2 zuwa 5, in hannu ya yi nauyi ko aka fara da samfefa ya wuce haka. Sallah biyu a shekara, shekara shida, ban da na ɗaurin aure da na tarar alhazai: ko a kan 3 aka tsaya, lissafin ya haura 30. Ga inda kaurin ya tafi. Wuƙar da ake kai wa dutse kullum tana fin kowace kaifi, kuma ita ke riga kowace sirancewa.

Da muka je wurin mai goge motar bai musa komai ba, kuma ban ga mugunta a aikinsa ba. Ya ce, "Yallaɓai, duk zuwan da za a kawo ta, a dusashe take zuwa, duk jikinta zane-zane. Kaki ba ya fitar da ita. In ban sa mata inji ba Alhaji zai ce ban yi aiki ba." Wannan magana ta mayar da mu baya taki ɗaya. Me ke zane motar da ba a bari ƙura ta kwana a kanta?

Amsar tana ƙofar gida da sassafe. Direba, mutumin kirki mai gudun a ga gazawarsa, yakan fito bayan sallar asuba da tsummansa, tsohuwar singileti da ke zaune a but. Ya kaɗe ta sau biyu, ya fara daga rufi, yana murzawa yana zagayawa, a bushe, ba ɗigon ruwa. Daga Nuwamba zuwa Maris, abin da yake murzawar ƙurar hunturu ce, wadda iska ke kwasowa daga hamada, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki wanda yana cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. A hannu laushi gare ta, amma cikinta akwai ƙwayoyin ma'adinin yashi, wanda ya fi gilashi tauri, balle fenti. Sauran watanni kuma ga ƙurar titi. Tsumman da ya kwashi ta jiya da ta shekaranjiya ya zama samfefa. Da dare muka haska bonet da tocila, sai ga dubban zare-zare sirara sun yi da'ira sun kewaye hasken, duk inda ka matsar da tocilar su bi ta. A motar Kawu Ƙarami ƙurar takan zauna abinta ba mai taɓa ta, ranar wanki a sa tiyo a kore ta da ruwa kafin soso ya sauka. Karcenta bai kai rabin na 'yar uwarta ba, kuma inji bai taɓa hawa kanta ba.

Yanzu zaren ya haɗu. Tsumma ya karce, karce ya dusar da sheƙi, inji ya kankare don sheƙi ya dawo, tsumma ya sake farawa washegari. Saura a gane dalilin da ragin mikiron 30 ya zama ajalin fenti, tunda ai akwai sauran shafin a kai.

A cikin shafin saman nan kamfani yakan zuba sinadarai iri biyu. Ɗaya yana shanye ɓoyayyen hasken ya mai da shi ɗumi marar illa, ɗayan yana kama ɓarnar da ta fara kafin ta yaɗu. Ƙarfin na farkon ya dogara da kaurin da haske zai ratsa, kuma lissafinsa ba na kai-tsaye ba ne. A ce cikakken shafi yana barin kashi 1 cikin 100 na hasken ya wuce. In aka rage kaurin da rabi, abin da zai wuce ba 2 ba ne, 10 ne. In aka bar kwata kawai, ya haura 30. Hasken da ya ratsa yana sauka ne a kan launi da mahaɗar da ta riƙe shi da shafin sama, wuraren da ba a gina su don su fuskanci rana ba. Mahaɗar ta ruɓe daga ciki. Da rana ƙarfe ya buɗe, da dare ya tsuke, musamman a hunturu da ake kwana cikin sanyi a yini cikin ƙuna, har shafin ya saki. Farin nan da aka fara gani iska ce ta shiga tsakanin hawa biyu. Masu ƙera motoci sun san wannan ciwo da kyau: a ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 motoci da yawa a Amurka sun yi ta ɗayewa, bayan wasu masana'antu sun cire shafin share fage, haske ya riƙa ratsawa har kan shafin hana tsatsa.

Wani abu da dattijon ya faɗa ya sa na daina ganin baiken Kawu Babba. Ya ce a zamanin 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, yawancin fenti hawa ɗaya ne mai kauri, launi da sheƙi a haɗe. In rana ta dusar da shi, ka sa kwamfawun, tsumma ya fito da launin motar, sabon fenti ya bayyana a ƙasa, kuma akwai sauran da yawa. A wannan makaranta Kawu Babba ya koyi kula da mota, kuma a lokacin daidai ne. Daga shekarun 1980 ne fenti mai shafin sama ya mamaye masana'antu, aka canza ginin fentin, hannayenmu ba su canza ba. Kawu ya daɗe shiru yana kallon zoben eriyar, sannan ya ce, "Garin neman gira ke nan." Direba ya fara ba da haƙuri, Kawu ya tare shi: "Kai abin da na sa ka ka yi."

Shafin da ya riga ya ɗaye ba ya komawa. Ba kakin da zai manne shi, ba man da zai tayar da shi, kuma duk wanda ya ce zai goge maka shi da inji, ƙarasa shi zai yi. Sai dai a kankare har inda ke da lafiya a sake fesawa, da fenti mai hadina a ma'aunin da kamfaninsa ya rubuta a gwangwani, a ɗaki rufaffe, shafin saman kuma a ba shi kaurinsa. Haka aka yi wa rufi da but da bonet, kuma kuɗin ya ninka abin da rumfa a filin kasuwa za ta ci.

Kada a ɗauka an wanke rana. Ita ce ta yi kisan. Tsumma da inji ƙofa suka buɗe mata. Motar Kawu Ƙarami ma tana kan hanya, tafiyarta ce kawai ba ta da sauri, domin sinadaran kariyar nan suna ƙarewa da shekaru ko ba a taɓa su ba. Babu abin da ya kai inuwar tsakar rana, kuma na yi mamakin yadda 'yan kasuwar da ke ajiye motocin miliyoyi a fili ɗaya ba su taɓa haɗa kuɗi sun kafa rumfa ba. Gindin dogonyaro ya fi fili, in dai za a wanke kashin tsuntsu da na jemage a ranar da ya sauka. Rigar mota tana da amfani a kan mota mai tsabta; in aka lulluɓa ta a kan ƙura, iska na kaɗa ta, aikin tsumman direba take yi. Kaki duk wata biyu ko uku yana sa ƙura da ruwa su zame, shi ne kuma ya kamata ya riƙa mutuwa a madadin fenti. Shafin siramik da ake yayi yanzu ya fi kaki daɗewa, amma kaurinsa mikiron ɗaya ko biyu ne, ba zai maye gurbin abin da inji ya cinye ba, kuma kafin a shafa shi galibi sai an sa wa motar inji. Ledar kariya marar launi da ake mannawa, mai kaurin 150 zuwa 200, ita ce garkuwa ta gaske, ga wanda aljihunsa zai ɗauka. Wanda kuma bai riga ya saya ba, fara da ruwan azurfa sun fi baƙa da shuɗi jure ranarmu, don ƙarfensu ba ya ɗaukar zafi haka.

Ga masu wuraren wanki da goge mota, na'urar auna kaurin fenti tana samuwa, ba ta fi ƙarfin mai sana'a ba. Ku saya, ku auna kafin ku kunna inji, in fentin ya sirance ku gaya wa mai mota gaskiya ko da zai ɓata rai. Kai kuma mai mota, hunturu na tafe: ka karɓe tsumman nan daga hannun direba ka ba shi bokiti, kada komai ya taɓa jikin motar sai ruwa ya fara kore ƙurar. In Sallah ta matso aka ce za a yi mata folish, ka tambaya da kaki ne ko da kwamfawun.